Bikon Kulu a Kan Babur

Tun da na dawo daga ƙasar Goronyo ban yi ɗinkin kirki ba. Kowa ya zo rumfata sai ya ajiye ƙyalle a kan keke kamar mai son a auna shi, alhali labari ne ya kawo shi. Wani ya ji an ce mun tashi sama mun tsallake gulbi, wani ya ji an ce kura muka banke. Akwai ma wanda ya rantse mini cewa na mutu an rufe ni a Kagara, ina zaune a gabansa ina sa zare a allura. To na gaji da maimaitawa, aikin mutane kuma yana jira. Ga labarin nan gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wanda ya ja ni tafiyar nan Sahabi ne, ɗan gwaggona, taubashina, malamin gona na hukumar En'e a nan Wurno. Wanda bai san shi da ido ba ya san shi da kunne, domin shi ne mai baƙin babur ɗin nan mai tsayi da ke hana jarirai barcin rana. Wani Baturen gona ne ya zo da shi daga ƙasarsu. An ce a can tsere suke yi da irinsa cikin jeji da tuddai, don kawai Allah ya ba su lafiya sun rasa yadda za su yi da ita. Da Baturen zai koma gida, Sahabi ya sayar da dokinsa ya karɓi babur. Baturen ya haɗa masa da hular kwano mai igiya a haɓa, da wani tabarau mai rufe rabin fuska, ya ja masa kunne kada ya hau ba tare da su ba. Sahabi ya yi godiya, ya rataye su a ƙusa.

Daga nan aka shiga faɗuwa. Ya faɗi a fadama cikin shinkafar mutane, ya faɗi a bakin kasuwa gaban masu albasa, ya faɗi a wani wuri da har yau ya ƙi gaya mana, sai dai mun ga ƙaya a bayansa. Kowace faɗuwa da bayaninta: rairayi ne, akuya ce, ko kuwa wanda ya shata hanyar ne bai san aikinsa ba. Ni nake yi wa rigunan faci, matarsa Kulu take wanke jinin.

Kulu mace ce mai haƙuri, ba ta da yawan magana, tun da suka yi aure ba a taɓa jin kansu ba. Ranar da aka kawo shi a kan jaki da goshi a fashe, ta yi jinyarsa har ya warke, ta zuba ido ta ga abin da zai yi. Ya tashi ya goge babur. Sai ta ɗaure kayanta ta ce masa, "Malam, ni ba ni zama ina wankin jini ina jiran ranad da za a ce in shiga takaba." Ta bi 'yan kasuwa ta tafi gidan mahaifinta, Malam Haliru, a Kagara.

Sahabi ya ce ai kwana biyu za ta yi ta dawo. Aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya fitar da kai, Kulu shiru. Na ga mutumin nan yana ramewa a gaban idona, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi ba tare da na sa almakashi ba. Tsakanina da Allah yana son matarsa, so na gaske, kuma ya san in damina ta wuce bai je ba, maganar za ta koma gaban alƙali. Ranar nan ya zo rumfata ya ce in raka shi biko, tunda ni Allah ya ba baki.

Na ce, "Madalla. Mu nemi jakkai."

Ya ce, "Jakkan mi? Ga abin hawa."

"Sahabi, don abin ga tat tahi hwa."

"Shi yas sa za mu da shi. Babanta bai taɓa ganinai ba, labari yaka ji. In yag ga yadda nika sarrahwa shi, yag ga shina da birki har biyu, hankalinai shi kwanta."

Na duba fuskarsa ko wasan taubasantaka ne, na ga da gaske yake. Mutumin da ya yi karatu har makarantar Midil, yake koya wa manoma tazarar shuka, ya zauna ya yi tunani iya ƙarfinsa, abin da ya fito ke nan.

Safiyar tafiya ya fito da babbar rigar salla da na ɗinka masa, mai faɗin da za ta rufe rumbu, da hula, da takalmi sau-ciki. Na tuna masa cewa Baturen nan in zai hau, matsattsen wando yake sawa da rigar fata, ya ɗaure kai ya ɗaure ƙafa. Sahabi ya ce Bature ba shi da surukai a Kagara. Na ciro hular kwanon daga ƙusa na miƙa masa, ya ce shi ba zai shiga gaban manya da tasa a kai ba. Sai na kifa ta a nawa kan, bisa hulata, na ɗaure igiyar, na ƙara da tabarau. Matan unguwa suka leƙo ta kan zana suna dariya har da riƙe ciki. Na ƙyale su, domin kan nawa ne, kuma shi kaɗai gare ni.

Goronyo ba nisa daga Wurno in mutum ya bi gulbi. Amma ba a tsallake wanda ya ba da aure, kuma wanda ya ba da auren Kulu baffanta ne, Attahiru, ƙanen mahaifinta, a Rabah yake zaune. Saboda haka muka juya wa Goronyo baya muka yi kudu.

Tun ba mu wuce gonakin Kwargaba ba na gane babban aibin abin nan: an ƙera shi don mutanen da ba su gaisuwa. Baturen da ke hawansa wucewa yake yi kamar bai ga kowa ba, hannu biyu a kan ƙarfe. Sahabi kuwa ɗan tarbiyya ne, ba ya wuce dattijo a gindin itace. Ba a gaisuwa da hagu, sai dama, ita kuma dama ita ke riƙe da totur. Ga shi gaisuwarmu ba kalma ɗaya ba ce. Kafin ya kai ga "ina gajiya" mun riga mun wuce tsohon, sai ya juyo da wuya baya yana ƙarasa "ina gida, ina ruwa," babur yana can gaba yana neman hanyarsa shi kaɗai. Na ce masa ya bar mini gaisuwar ni da nake baya. Ya ce sai a ce malamin gona ya yi girman kai, ya ɗauko tela yana gaisar masa.

Ba mu yi nisa ba na ji rigarsa tana ja, na ji ƙyat, sarƙa ta cinye gefen aikin da na yi wata guda ina yi wa ado. Muka tsaya a bakin wata gona na ciro allura na haɗa abin da ya saura, wani manomi ya jingina da hauya yana kallonmu yana cewa ai shi ya sa jaki ba shi da sarƙa. Daga nan aikina ya koma tattara rigar Sahabi na rungume a ƙirji da hannu biyu, watau ba ni da hannun riƙe kaina. Duk wanda ya gan mu a hanyar Rabah ranar nan ya ga mutum biyu a kan babur, babu ko ɗaya da ke riƙe da shi yadda ya kamata.

Mun shiga Rabah da azahar, rabin gari a bayanmu. Baffa Attahiru tsoho ne dogo, tsohon dillalin dawaki, irin mutanen da ba su sauri ko gobara ake yi. Ya karɓe mu a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sa'an nan ya tashi ya kewaya babur yana dubawa, har da leƙa ƙasa kamar zai ga haƙora.

Ya ce, "Mi yaka ci?"

Sahabi ya ce, "Hetur, Baffa."

"In ka hwaɗi shina tsayawa shi jira ka?"

"Shi ma hwaɗuwa yakai."

"In yag ga rami shina ƙi?"

"Sai in ni na gani."

"To in kai ba ka gani ba hwa?"

Sahabi ya shiga wasa da bakin tabarma. Tsoho ya koma ya zauna ya ce, "Ashe ku biyu hankali guda gare ku. Shi ma naka na." Na cije leɓe don kada dariya ta fito a gidan surukan mutum.

Na gabatar da abin da ya kawo mu. Baffa ya ce shi ya ɗaura aure, bai kwance ba, kuma ba ya so a kwance, amma yarinya tana hannun ubanta, sai mu ƙarasa can. Ya ƙara da cewa mu bar ƙarfen nan a zaurensa, zai ba Sahabi goɗiyarsa, ni ya ba ni jaki, mu isa Kagara kamar mutane. Sahabi ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa." Ni da na san irin wannan "to" tun muna yara, na san ba a yi komai ba.

A Rabah muka kwana. Mu mutanen Wurno shinkafa ta lalata mu, in ba mu gan ta a kwano ba sai mu ga kamar ba a yi girki ba. Can tuwon dawa aka kawo, mai tauri, wanda in ka ci sai ka ji inda ya tsaya, da miyar kuka da daddawa ta yi wa yawa. Amma furarsu, gaskiya ɗaya ce, ta fi tamu, don ba su yi wa nono rowa. Masauki kuwa, da aka ga hadari, sai aka shigo da babur cikin zaure aka ba shi wurin da ba ya yoyo. Sahabi ya shimfiɗa tabarma a gefensa, ni aka bar ni bakin ƙofa da sauro. Da gari ya waye na tarar mayafina a kan tanki.

Baffa ya tafi masallaci bai dawo da wuri ba, Sahabi ya bar masa sallama a bakin matan gida, muka hau babur. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa cewa an miƙa masa matarsa a kan goɗiya ya ƙi karɓa. Ya ce in ya je a kan doki, ya yi wa Baba ƙarya ke nan, tunda in sun koma Wurno babur yana nan. Ya fi so a karɓe shi yadda yake. Maganar tana da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Daga Rabah zuwa Goronyo babu hanyar mota ta inda muka bi, sai burtalin shanu da sawun jakunan masu cin kasuwar Gandi. Nan Sahabi ya samu abin da yake so. Ya ce don irin wannan wuri aka yi babur ɗin, ya miƙe tsaye a kan matakai yadda ya ga Bature yana yi, ya bar ni ina karɓar kowane gargada da ƙashin bayana. Sabara tana marin guiwata, ƙaya tana tsefe wandona, hular kwano tana zamowa ta rufe mini ido, wanda a lokacin na ɗauke shi a matsayin rahama.

Amma zan faɗi wani abu ko da za a yi mini dariya. Akwai wani fako mai tsawo da muka samu, shimfiɗaɗɗe, ba rami ba ƙaya, Sahabi ya murɗa hannu. Iska ta cika mini ƙirji, itatuwa suka riƙa zuwa suna wucewa, na ji kamar an sauke mini wani kaya da ban san ina ɗauke da shi ba. Na ji Sahabi yana dariya shi kaɗai, irin dariyar da rabona da ji tun kafin Kulu ta tafi. A wurin nan na gane abin da yake gani a jikin ƙarfen, na kuma ji tausayinsa. Fakon yana ƙarewa muka shiga rairayi, taya ta nutse, muka kwanta a hankali kamar an shimfiɗa mu, salansa ta soya mini sha-raɓa. Ya ce laifin rairayi ne.

Yunwa ta kama mu, ga rugage ko'ina, amma ba wanda za a saya wa nono. Fulani suna jin ƙararmu sai su kora shanu cikin ƙurmi, mata su bar ƙore su bi su, domin a ƙasar nan ba mai hawan babur sai wanda ya zo maganar jangali. Haka muka yi ta korar abincinmu da kanmu.

A kan iyakar ƙasar Rabah da ta Goronyo akwai wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don mai garin dattijo ne. An hango mu daga nesa, an ga na baya da hular kwano da tabarau, aka ruga aka gaya masa ga Bature nan ya zo rangadi. Kafin mu iso ya fito da rawani a karkace, da ƙwaryar ƙwai da zakara a hannun wani, jama'a sun zube. Ya matso gefena ya durƙusa yana, "Zaki, sannu da zuwa, Zaki." Na kwance igiya na cire hula na ce, "Ranka shi daɗe, Mamman na, tela, daga Wurno." Ya daɗe yana kallona. Ya miƙe ya kakkaɓe guiwa, ya ce a mayar da ƙwan cikin gida. Ruwa dai an ba mu, a moɗa.

Goronyo muka samu abinci, gasasshen kifi da albasa a bakin kasuwa. Mutanen can in suna magana da kai sai ka ɗauka faɗa ne, alhali tayin abinci suke yi maka, ba irin namu na Wurno ba da za mu yi ta lanƙwasa harshe kafin mu ce bismilla. Wani ɗan doka ya kori jama'a daga jikin babur da bulala, sa'an nan shi ya tsaya yana shafa shi. Sahabi ya ƙara fetur daga galan ɗin da ya ɗauro, ya wanke fuska, ya gyara zaman hula. Na sassauta murya na ce masa ya bar shi wurin ɗan dokan nan mu taka da ƙafa, Kagara ba nisa.

Ya ce, "Tela, kana ganin tana komowa?"

Na ce, "In ta ga ka taka ƙasa don ita, ina sa rai."

Ya ce to mu raba: mu hau har bakin gari, can ya kashe shi, ya turo shi da hannu, ya shiga ba takalmi. Na yarda, don na ga iyakar abin da zan samu ke nan.

Hanyar Kagara siririya ce, tsakanin gonaki, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, ba ka ganin abin da ke gaba sai ka iso shi. Sahabi yana tafiya da ɗan sauri don la'asar ta kusa. Muna shan wata kwana sai ga tsoho a tsakiyar hanya, da hauya a kafaɗa, yana dawowa daga gona. Ni ban san shi ba. Abin da na ji kawai shi ne bayan Sahabi ya sandare a ƙirjina, ya ce a hankali, "Baba na," watau mahaifin Kulu.

Wanda ba namu ba ba zai gane abin da ya faru ba, amma ku kun sani. Ba a haɗa ido da suruki. Ba a tsaya masa a kan abin hawa. Ba a gaishe shi da takalmi a ƙafa. Duk wannan ya faɗo wa Sahabi lokaci ɗaya, jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya sunkuyar da kai ƙasa. Ya saki dama ya ɗaga ta sama. Ya ɗago ƙafafu yana ƙoƙarin zame sau-ciki. Birki biyun nan da ya zo nuna wa Baba, ɗaya a hannun dama yake, ɗaya a ƙafa, kuma hannun ya tafi gaisuwa, ƙafar ta tafi tuɓe takalmi. Totur kuwa a inda ya bar shi ya tsaya.

Allah ya sa muka kauce wa tsohon da kamar kamu ɗaya. Muka shiga gero, kara yana karyewa a fuskarmu, muka hau kunya muka sauka, sai ga suri. Na tuna na ga sama, na ga ƙasa, na ji kaina ya bugi wani kututture da ƙara kamar an jefar da tasa. Da na tashi zaune na taɓa hular kwanon na ji ta loɓa a daidai inda kaina zai loɓa. Na zauna nan cikin wake ina salati.

Sahabi yana can gindin suri, babur a kan ƙafarsa ta dama, taya tana juyawa. Ko ni da ba wanzami ba na ga guiwar ba a inda Allah ya ajiye ta take ba. Malam Haliru ya iso da gudu irin na tsofaffi. Sahabi, da ƙarfe a kansa, da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya babu, ya yunƙura zai durƙusa, ya kasa, ya kawar da kai ya ce, "Baba, mun same ku lahiya?"

Tsoho ya ce, "Lahiya lau, ɗana. Kwanta."

Manoma suka taru aka ɗaga babur, aka ciro ƙyauren wata bukka aka ɗora shi. Haka Sahabi ya shiga Kagara, ba a kan babur ba, ba kuma da ƙafa ba. Aka kwantar da shi a zauren surukinsa, wurin da a da ko ruwa ba ya iya sha. Na yi maganar asibitin Sakkwato, aka tambaye ni wa zai kai shi a haka, ta wace hanya. Aka aika aka kira mai ɗori, wani tsoho gajere mai manyan hannuwa, ya zo da karan dawa da tsumma.

Ba zan ba da labarin ɗorin nan da wasa ba. Ni na danne kafaɗu, Malam Haliru da kansa ya riƙe cinya, mai ɗori ya ja. Na ji ƙashi yana magana. Sahabi ya cusa hannun rigarsa a baki, gumi yana tsiyaya har tabarma ta jiƙe, amma ko tari bai yi ba, domin surukinsa na riƙe da shi. Na sha yi wa mutumin nan ba'a tun muna yara, ranar nan kuwa na ji girmansa ya cika mini ido. A bayan zana ina jin motsin mata, na san Kulu tana nan.

Da aka gama ɗaurewa na tuna ni ma da aiki aka ɗauko ni. Na gyara zama na fara, "Baba, abin da yak kawo mu..." Duk kalaman da na tsara tun daga Wurno suna bakina. Tsoho ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Na ga abin da yak kawo ku. Tun da nike ban ga wanda yab ba ni girma har ƙashinai yak karye ba. Ni ba ni da ta cewa. Amma ba ni nib bar gidanai ba. Wadda tab bari, ita za a tambaya." Ya ɗauki buta ya fita masallaci, don ya ba da wuri.

Kulu ta shigo da lulluɓi, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta rame ita ma. Ta gaishe ni, ba ta amsa tsokanar da na yi mata ba. Ta dubi ƙafar nan da aka ɗaure da kara, ta daɗe tana dubanta. Sahabi ya rufe ido kamar mai barci. Ba shi ta yi wa magana ba, kuma ba ni ba. Mai ɗori ta juya wa, yana can yana wanke hannu.

Ta ce, "Baba, ƙahwag ga, in ta warke, tana iya taka ƙarhen can shi tashi?"

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce, "Tahiya dai shi yi ta, da sanda, in Allah ya so. Amma guiwa ba ta sake lanƙwasuwa. Hawan wanga abu ya ƙare mai."

Kulu ta sauke numfashi, ta ce can ƙasa, "Alhamdu lillahi." Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Mamman, ka gaya ma Baba ni koma."

Biko ya yi ke nan. Na juya in yi wa Sahabi albishir, sai na ga ba ya bukata, ya ji komai. Ya juyar da fuska bango. Mutumin da aka ja ƙashinsa bai ce uffan ba, yanzu hawaye ne ke bin gefen idonsa suna shiga kunne, kafaɗarsa tana rawa. Ban san wanne yake yi wa kuka ba, wanda ya samu ko wanda ya rasa, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Kulu ta matso ta sa bakin zanenta ta share masa. Ta ce, "Yi haƙuri, Malam. Da rai nika son ka."

Na tashi na ba su wuri. A waje yaran gari da manyansu sun kewaye babur a gindin rumbu, wani ya tambaye ni ko gaskiya ne yana tsere wa doki. Na ce masa gaskiya ne.

Suna can Kagara har yanzu, tana jinyarsa, in ƙafar ta ɗauki nauyi za su taho tare. Saboda haka duk mai dariya ya zo rumfata ya ƙarasa abarsa yanzu, ni ma zan taya shi. Ranar da Sahabi ya shigo Wurno da sanda, yana jan ƙafa, matarsa a bayansa, ban yarda kowa ya tambaye shi ina babur ba.